Maganar da Aka Ɗora wa Barde Jatau

Ni ban yi karatu ba, ko sunana aka rubuta a gabana ba zan gane shi ba. 'Yata Asabe ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Na ce mata duk inda kuka ya ci ƙarfina ta dakata ta jira ni, amma kada ta gyara mini magana. Shekara biyu ke nan da rasuwar Malam, maigidana, kuma har yau idan la'asar ta yi sanyi nakan ɗebo ruwa a buta in ajiye a bakin ƙofa, sai daga baya in tuna ba mai dawowa daga gona ya wanke ƙafa.

A garinmu, can tsakanin Tudun Wada da Doguwa, akwai wata magana da kowa ya tashi da ita. Yaro kan iya ta tun bai iya ɗaura wando ba. Ana cewa, "Da kunya ɗaya, gara kabari goma." Duk wanda ya faɗe ta sai ya ƙara da cewa, in ji Barde Jatau. Barde Jatau shi ne jarumin da ya tsare garin a zamanin da mahara ke saukowa daga duwatsu, tun ganuwa tana tsaye da ƙofarta. Ya mutu a daji yana bin sawun shanun da aka kora. 'Yan kokawa suna faɗar maganar kafin su shiga fili. Maroƙa suna sa ta a kirari. An gaya mini har a bayan wata motar ɗaukar masara an rubuta ta da jan fenti, da sunansa a ƙasa.

Barde Jatau bai faɗi wannan magana ba. Na san haka tun ina 'yar shekara tara, kuma a bakin kakata na ji.

Iya muke ce mata, mahaifiyar babana ce. Gajera ce, baƙa, mai ƙaramar murya, amma in ta soma labari ko akuya sai ta bar tuƙa. Lokacin kaka, idan an kawo masara gida, mu 'yan mata ake tarawa ɓara a ƙofar ɗakinta bayan sallar magariba. Totuwar da muka ɓare ita muke zubawa a wuta, Iya kuma ta ɗora kasko tana soya mana gyaɗa. Wadda ta fi cika kwando ita ke zaɓar tatsuniya. Ni kullum ina baya, don hannuna ba ya sauri, sai Iya ta dube ni ta ce, "Ƙawata, ke kam mijinki zai ci tuwo ranar sallah." Yara su kwashe da dariya, ni in turo baki, ita kuma ta ɓoye mini gyaɗa a gefen zaninta.

Tatsuniyoyinta ba su da yawan dodanni. Ta fi son na masu wayo da wayonsu ya ci su, da na dabbobin da suka yi shari'a a gaban wanda zai cinye su. Takan kwaikwayi muryar kowa, har ta miƙe ta yi tafiyar kura. Ban taɓa ganin ta gaji da mu ba sai rana ɗaya.

Ranar an yi kalankuwa a gari. Da yamma maroƙi ya zo ƙofar gidanmu da makaɗansa, ya wasa babana, ya wasa kakanninmu, sannan ya juya kan kirarin Barde Jatau, ya ɗaga murya ya faɗi maganar nan sau uku. Babana ya ji daɗi, ya sa aka fito masa da damin dawa. Ina tsaye kusa da Iya a bakin zana, na ga ta juya ta shige ɗaki. Da aka kai mata tuwo ta ce a mayar.

Bayan magariba muka taru kamar kullum. Ta fito ta zauna, ba kasko, ba gyaɗa. Ta sallami yaran makwabta, ta ce kanta ke ciwo. Muka rage ni da yayata Ladi, Allah ya ji ƙanta. Muna jira ta buɗe da abin da take buɗe tatsuniya da shi mu amsa, ba ta buɗe ba. Ta daɗe tana tura totuwa a wuta da ƙafa, sannan ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce, kada ku amsa mini. Da idona na gani."

Ta ce tana 'yar shekara bakwai, ƙarshen damina, ciyawa ta fi doki tsayi. Da asuba mahara suka zo bayan ganuwa suka kore shanun gari. Ba su taɓa mutum ko ɗaya ba. Mafi yawan shanun na mahaifinta ne, wanda mutane ke kira Tanko Mai Garke. Ita ba ta faɗi sunan ba, Ladi ce ta raɗa mini, don sunan a gidanmu abin alfahari ne, da shi ake mana kirari.

Da hantsi maza suka taru a ƙofar gari. An aiki Iya ta kai wa mahaifinta fura, don haka tana tsugune a bayansa da ƙwarya a hannu, ba wanda ya kula da ita. Barde Jatau ya dawo daga duba sawu. Ta ce ba dogo ba ne kamar yadda maroƙa ke faɗa, dattijo ne mai ɗingishi, gemunsa ya yi fari. Ya gaya wa jama'a sawun ya yi kyau da yawa. Mutanen da suka saba ɓatar da sawu ba sa barin hanya a buɗe haka sai in suna so a bi su. Ya ce ciyawa ta rufe daji, mahayi ba ya ganin abin da ke gabansa. Shawararsa ita ce a aika garuruwan kusa, a haɗa ƙarfi, a jira kwana uku. Ya ce saniya tana haihuwa, a bar su su tafi in ta kama.

Dattawa sun soma gyaɗa kai. Sai mahaifin Iya ya miƙe. Ta ce a fusace yake, don dukiyar shekara talatin ce ta tafi a safiya ɗaya. Ya dubi samari, ba Barde ba, ya tambaye su ko zani za su ɗaura su zauna ana musu dariya daga kan duwatsu. Sannan ya buga sanda a ƙasa ya ce, da kunya ɗaya, gara kabari goma.

"Kamar an zuba mai a wuta," in ji Iya. "Kafin a ce me, kowa ya ruga gida ɗaukar kwari da baka."

Ladi ta tambaye ta, to shi Barden me ya ce?

Iya ta ce ya tsaya yana kallonsu har wurin ya kusa watsewa. Abin da ta ji ya faɗa kawai shi ne, "To, a ba dawakan nan ruwa tukuna." Ya shiga gida ya ɗauro sirdi. Bai yarda da tafiyar ba, amma ba zai bar 'ya'yan mutane su shiga ciyawa ba su da babba. Mahaifinta kuwa ya ce dokinsa yana ciwon ƙafa, su yi gaba zai aro wani ya same su. Da azahar Iya ta je ɗebo kara a bayan rumbu, ta tarar da shi zaune a can shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗago ya gan ta, ya ɗora yatsa a baki.

An jira su a cikin ciyawa kamar yadda Barde ya faɗa. Iya ta ce ba kabari goma aka haƙa ba, ita ta ƙirga sha huɗu, ban da waɗanda ba a samo gawarsu ba. Barde yana cikin waɗanda aka kawo a kan makara ta karan dawa. Shanu kuwa ko ƙaho ba a dawo da shi ba.

Daga nan iyayen samarin mata suka soma zuwa ƙofar gidan Tanko. Ba sa zagi, ba sa ihu. Su zo da safe su zauna a ƙasa su yi ta kallon ƙofar, in rana ta yi zafi su tashi. Kwana da kwanaki haka. Mahaifin Iya ya kasa fita masallaci. Sai ya aika a kira maroƙin gari, suka shiga zaure su biyu. Da maroƙin zai fita, Iya ta gan shi da sabuwar riga a kafaɗa, yana jan maraƙin da ya rage a gidan.

Ranar sadakar arba'in, a gaban kowa, maroƙin ya yi wa Barde kirari irin wanda ba a taɓa yi wa kowa ba. A tsakiyarsa ya sa maganar nan, ya ce ita ce ta ƙarshe da Barde ya faɗa kafin ya hau doki. A garinmu kuwa ba a jayayya da kirarin mamaci. Duk abin da maroƙi ya ɗora wa wanda ya mutu a fagen fama ya zauna, wanda ya musa sai a ce yana hassada da na cikin kabari. Samarin da suka ji maganar daga bakin Tanko yawancinsu suna ƙasa. Dattawan da suka ji kuma shekarar yunwa ta biyo baya, rumbun Tanko ne ya riƙe su. Matar Barde ta taɓa tsayawa a bakin rijiya ta ce mijinta bai faɗi haka ba. Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta, aka riƙe ta aka kai ta gida. Matan da ke zama a ƙofa suka daina zuwa. Wa za su kalla? Mai maganar ai ya mutu tare da 'ya'yansu.

Wutar ta kusa mutuwa, ba wadda ta tuna ta ƙara totuwa. Na ji tsoro, ba na mahara ba, na gidan da nake zaune a ciki. Na ce, "Iya, me ya sa ba ki gaya wa Baba ba?"

Ta ce, "Ubanku da sunan kakansa yake cin tuwo a garin nan. In karɓe masa akushi?" Sannan ta kama hannuna da na Ladi ta matse har na ji zafi. "Ku riƙe shi a ciki. Asirin gida ne, ba a shanya shi a hanya. Amma ranar da kuka ga za a sake haƙa kabari da maganar nan, ku fito da shi, ko da za a jefe ku."

Muka yi alkawari. Washegari ta fito da kaskonta kamar ba abin da ya faru.

Na riƙe. An aurar da ni ga Malam a unguwar gabas, na haifi tara, shida suka rayu. Iya ta rasu, babana ya rasu, Ladi ta rasu a Kiru inda ta yi aure, ya rage ni kaɗai da labarin. Ina ji yarana suna faɗar maganar a tsakar gida suna wasan yaƙi da kara, in ce su je su yi a waje. Malam da kansa yakan faɗe ta da wasa idan noma ya yi masa yawa. Ko shi ban gaya wa ba. Da na soma tara yaran unguwa ina yi musu tatsuniya kamar yadda Iya ta yi mana, na ba su na kura, na ba su na masu wayo, wannan kuwa na tsallake shi. Nakan ce wa kaina zamanin mahara ya wuce, maganar ta zama ta 'yan kokawa.

Malam yana da gona can wajen dajin Falgore, da shanun huɗa biyu da yake ji da su kamar 'ya'ya. Wata Talata ya tafi bai dawo ba. Kafin magariba aka same shi kwance kusa da garma, an sare shi, shanun babu. Ba wanda ya ga waɗanda suka yi. Ni na wanke rigarsa. Asabe, dakata.

To. Ranar sadakar uku ina zaune a ɗaki cikin takaba, mata sun cika tsakar gida. Kusa da ni akwai Hanne, makwabciyata ta shekara arba'in, wadda muke raba gishiri da ita. Ɗanta Lawan ɗan acaɓa ne, a gidanmu ya girma, Malam ne ya koya masa karatu, yana kiransa Baba. Bayan azahar muka ji zaure ya cika da muryoyin samari, da ƙarar babura a waje. Asabe ta leƙa ta dawo fuskarta ta canza. Ta ce sun kai talatin, da adduna da bindigogin toka, kuma babban ɗana ne a tsakiyarsu.

Ɗan farina ne, ba na faɗar sunansa, Babba nake cewa. Tun da na haife shi ban taɓa kiransa da baki ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Haka muka tashi, kunyar ɗan fari.

Asabe ta ce wani ya bi sawun shanun ya ga ya nufi wajen rugar Ardo. Mutanen rugar nan mun san su sun san mu. Matansu ke kawo mana nono, shanunsu ke kwana a gonar Malam da rani suna zuba masa taki. Dagaci ya tafi Doguwa kai rahoto, ya bar saƙo kada kowa ya motsa sai ya dawo. Samarin sun ce ba za su jira ba.

Ina jin su ta cikin bango. Wani dattijo yana cewa a bari a tabbatar. Muryar Babba ba ta fita sosai, kamar yana tsakanin biyu. Sai na ji Lawan cikin kuka yana tambayar Babba ko zai zauna ana karɓar gaisuwa alhali waɗanda suka sare ubansa suna shan nono. Sannan ya faɗe ta. Da kunya ɗaya, gara kabari goma, in ji Barde Jatau. Zauren duka ya ɗauka.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Asabe ta riƙe mini mayafi ta ce, "Inna, takaba kike." Na ce ta sake ni. Mata suka buɗa mini hanya. Na isa bakin zaure na tsaya a bayan asabari. Na kira Babba da sunansa na yanka.

Bai amsa ba da farko, don bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

Na ce, "Wa ya faɗi maganar da kuka ɗauka yanzu?"

Lawan ya ce, "Haba Inna, wa bai sani ba? Barde Jatau."

Na ce ba shi ba ne. Na ba su labarin a tsaye, kamar yadda Iya ta ba ni, ban rage ba. Na faɗi abin da Barde ya ce game da sawu da ciyawa. Na faɗi wanda ya buga sanda a ƙasa, da sunansa, na ce kakan ubana ne, jininsa ke jikina, ke jikin Babba. Na faɗi bayan rumbu, na faɗi riga da maraƙi. Ina magana ina jin numfashin mutane a bayan asabarin.

Ɗan baffana Sani, wanda shi ne babba a dangin ubana yanzu, yana cikin zauren. Ya ce, "Yaya, koma ciki. Baƙin ciki ne ya taɓa ki, ba ki san abin da kike faɗa ba."

Na ce ya aika a ɗauko Alƙur'ani in dafa. Bai aika ba.

Babba ya matso kusa da asabarin, ina ganin ƙafafunsa ta ƙasa, da gindin bindigar. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Inna, ubana aka kashe."

Na ce, "Mijina aka kashe. Ka ga fuskar wanda ya yi?"

"Sawu ya nuna."

"Ranar ma sawu ya nuna."

Bai motsa ba, bai kuma ajiye bindigar ba. A waje wani ya tayar da babur. Na ga labarin bai isa ba, ya shiga kunnensa amma bai kai hannunsa ba. Sai na faɗi abin da uwa ba ta faɗa sau biyu a rayuwarta. Na ce in ya ƙetare ƙofar nan da bindigar nan, ban yafe masa nonon da ya sha ba, duniya da lahira.

Na ji mata a bayana sun yi salati. Sannan na ga gindin bindigar ya kwanta a ƙasa, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zauna.

Daga nan taron ya soma sacewa ɗaya-ɗaya. Ba zan yi ƙarya in ce labarina ne ya mayar da su ba. Wasu sun ga mai uban ya zauna, sai suka ga su ba su da dalili. Wasu dama tsoro suke ji, suna neman hanya. Lawan kuwa ya tsaya a kan Babba ya ce, "Ashe jikan Tanko ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ya fita. Hanne ta bi shi har ƙofa tana kiran sunansa, ya ce mata yanzu zai dawo. Su huɗu suka tafi a kan babur biyu.

Sun tarar da rugar babu kowa. Daga baya muka ji mutanen da suka kashe Malam sun bi ta nan a ranar, sun kore shanun Ardo, sun harbi ɗansa a cinya, shi ya sa mutanen rugar suka kwashe iyalansu suka nufi wajen 'yan uwansu. Da Lawan ya ga haka bai juyo ba. Sawun ya ci gaba cikin daji, a buɗe, suka bi. Uku suka dawo da ƙafa, ba babur. Washegari aka je aka ɗauko Lawan.

Ban iya zuwa gaisuwa ba saboda takaba. Hanne ce ta zo, bayan kwana bakwai. Ba ta yi sallama ba, ba ta zauna ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Kin tsare naki."

Na ce mata Allah ya sani har da nata na so tsarewa. Ta ce da su talatin suka tafi da ba a kashe Lawan kamar kaza ba. Na so in ce da su talatin suka tafi da yanzu unguwa duka ke kuka, amma ban sani ba, har yau ban sani ba. Sannan ta ƙara da wata.

"Shekara sittin kina da labarin nan. A tsakar gidan nan Lawan ya girma, a gabanki yake zama kina ba su na kura. Me ya hana ki gaya masa tun yana da kunnen ji?"

Ta juya ta tafi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma shekara guda ba mu haɗa ido ba.

Babba bai iya zaman garin ba. In ya wuce majalisa sai a yi tari, wani ya tambayi wani ko akwai inuwa a bayan rumbu. Dangin ubana sun daina shigowa gidana, maroƙa sun daina tsayawa a ƙofofinsu. Da aka gama girbi ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Tiga, yana kamun kifi da wani abokinsa. Yakan aiko mini da busasshen kifi. Da sallah yana zuwa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni, in ce ya shigo, ya ce sauri yake. Ina kallon bayansa har ya fita, in gode wa Allah da akwai bayan da zan kalla, in kuma yi kuka.

Na daɗe ina juya umarnin Iya a raina. Ta ce mu riƙe sai ranar da za a haƙa kabari. Allah ya ji ƙanta, ta ba ni gaskiya, amma a nan ta yi kuskure, ni kuma na bi ta don kuskuren ya yi mini daɗi. Ranar haƙa kabari ba ranar jin labari ba ce. Mutumin da ya riga ya ɗauki adda ba ya tambayar wa ya faɗa. Ita ƙaryar tun yana goye ake ba shi ita, a kirari, a wasa, a bayan mota, kuma an rataya ta a wuyan mutumin da ba wanda zai iya cewa matsoraci ne. Da an bar ta a bakin mai ita, da yara sun tambaya, shi da ya faɗa ina ya tsaya? Suna ɗaya aka canza, aka kashe wannan tambayar shekara ɗari. Ni kuma na zo da gaskiyata a rana ɗaya, daga bayan asabari, ina so ta kayar da abin da na bari ya yi jijiya. Babba ma ba gaskiyar ce ta zaunar da shi ba, nono ne.

Da na fita takaba na koma tara yara. Idona ya yi rauni, hannuna ba ya ɓarar masara, amma suna zuwa bayan magariba su zauna. Ina ba su na dariya, kuma duk mako sai na ba su wannan, da sunan Tanko, da cewa jinina ne. Wasu iyayen sun hana 'ya'yansu zuwa. Motar nan an ce har yanzu tana wucewa da rubutunta.

Cikin watan jiya wata yarinya ta shigo ta tsaya nesa da wuta. Asabe ta raɗa mini 'yar Lawan ce, Zainabu, shekararta takwas. Ta gaishe ni ta ce kakarta Hanne ce ta aiko ta, ta ce in ba ta labarin duka, kada in rage. Na matso da ita kusa da ni na ba ta. Ba ta yi motsi ba har na gama. Da sauran yaran suka tashi, ita ta zauna tana kallon garwashi, sannan ta ce, "Iya, babana Barde ne ko Tanko?"

Na ce mata ba ko ɗaya. Na ce babanta yaron kirki ne da aka yi wa ƙarya tun yana ƙarami kamarta, kuma ni ina zaune a wurin ana yi masa, na sani, na yi shiru.

Ta tashi ta karkaɗe zaninta, ta ce sai da safe. Ina jin takunta ta zagaya katanga ta shiga gidansu, na ji muryar Hanne tana tambayarta, ban ji abin da ta amsa ba.

Washegari bayan magariba ta dawo, tana jan ƙaninta da hannu.